Layar Cikin Jita

Zauna tukuna. Kafin ka tara jama'a ka faɗa musu abin da kake zargin abokin aikinka da shi, bari in ba ka misali da wani makaɗin jita, Mamuda, da amininsa Ilu.

Shekara goma sha ɗaya suna zaga gidajen biki tare. Mamuda ke kiɗa da waƙa, Ilu kuwa shi ke jan wayoyi, ya kafa lasifika, ya zauna bayan amfilifaya yana murɗawa har sauti ya daidaita. Mamuda ake yi wa tafi, amma ko shi ya san rabin daɗin daga yatsun Ilu yake fitowa. Da wasu sababbin makaɗa suka fara ƙwace masa gidajen biki, sai hankalinsa ya tashi, ya je wurin wani boka ya karɓo layar farin jini. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ta zauna cikin abin kiɗan, kada idon kowa ya gan ta. Ya kulle ɗaki, ya kwance murfin bayan jitar inda 'yan wayoyinta suke a cunkushe, ya danna layar da babban yatsa har ta shige, ya mayar da murfi. Ko farin jinin ya zo, ni dai ban sani ba. Abin da na san ya zo a makon nan shi ne ƙugi.

Da an jona jitar sai lasifika ta ɗauki zuuu, kamar an tsokano gidan zuma. In Mamuda yana kaɗawa da ƙarfi sai kiɗan ya danne shi, da ya tsagaita don jan numfashi sai ƙugin ya cika fili. Ilu ya bi abin da haƙuri, ɗaya bayan ɗaya. Ya canza waya, ya matsar da janareta can bayan gida, ya raba wayar wuta da ta sauti, duk a banza. Daga ƙarshe ya aro jitar wani ya jona a amfilifayar, sai aka ji tsit. Ya ce, "Ciwon a cikin taka yake, kawo mu buɗe." Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mamuda ya ƙanƙame jitarsa ya ce ba mai taɓa ta. Maimakon ya tambayi kansa yaushe ƙugin ya soma, sai ya shiga tambayar me ya sa Ilu ya matsa sai an buɗe. Kwana biyu yana juya wannan tunani, har ya gamsar da kansa cewa abokan hamayya sun saye Ilu, shi ke saka ƙugin da gangan don ya kai ga asirinsa.

Ranar wani yinin biki, bayan la'asar, Mamuda yana cikin yi wa uban amarya kirari ya dakata don a yi guɗa, sai ƙugin ya taso ya rufe guɗar. Wata tsohuwa ta ce a kashe injin niƙan nan, fili ya ɗauki dariya. Kunya ta rufe Mamuda, kunyar ta koma fushi. Ya kai baki ga abin magana ya ce jama'a su yi haƙuri, akwai wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya yana yi masa zagon ƙasa, ya nuna Ilu da yatsa.  Ilu ya riƙe sautin har aka tashi, ya naɗe wayoyinsa, bai sake dawowa ba.

Mamuda ya ɗauki sabon mai sauti da sababbin kaya, ƙugi yana nan daram. Da ta ishe shi, ya kai jitar wurin wani tsoho mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Tsohon ya jona ta ya ce ya dafa tsirkiya, ƙugin bai ragu ba. Ya ce ya taɓa ƙarfen bakin waya, nan take ya lafa. Tsohon bai nemi izini ba ya sa sukudireba ya kwance murfin. Ga laya nan ta tokare wata siririyar waya har ta tsinke, wadda ke haɗe da ƙarfen da aka ɗaure tsirkiyoyi, ita ce ke kwashe hayaniyar lantarki ta zubar. Tsohon ya aje layar gefe bai ko dube ta ba, ya ɗiga dalma ya liƙe wayar. Jita ta yi shiru. Duk gyaran bai kai shan kofin shayi ba.

Daga nan gidan Ilu Mamuda ya zarce, ya faɗi kome, har batun layar, yana magana hawaye na zuba. Ilu ya ba shi ruwa ya sha, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Na yafe maka tun ranar, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma waccan a lasifika ka faɗe ta, har 'ya'yana sun ji. Wannan kuwa ni kaɗai ka faɗa wa." Suna gaisawa har yau, suna zuwa wa juna suna da ta'aziyya, amma Ilu bai ƙara zama bayan amfilifayarsa ba.

To, kai ma je ka buɗe taka jitar ka duba kafin ka buɗe baki a gaban mutane. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.