Idanun Pak Deraman

"Ƙoda dai a'a," in ji Pak Deraman. "Gishirin busasshen kifi ya gama da ita."

Ma'aikaciyar jinyar ta danne dariya. A bakin kasuwar birnin Kota Bharu ta kafa tebur, tana rubuta sunayen masu son a taimaki marasa lafiya da sassan jikinsu bayan rasuwa. "Hanta fa, Baba?"

"Tambayi mai shayi, shi ya san ɓarnar da ya yi mata."

Matarsa Mek Yah ta ja hannun rigarsa. Tun daga gida take roƙonsa ya bar maganar nan, don ba ta so a binne mata miji da giɓi. "Abang, maigidana, tashi mu tafi. Komai naka ya tsufa, me ya rage?"

Ya gyara zama. "Idanu. Su kam na bayar, duka biyun."

"Har idanun?" in ji Mek Yah.

"Yo me ƙasa za ta yi da su? Likita ya ce jijiya ce ta mutu, su lafiyarsu lau. Sababbi ne fil, 'yata, tun ina goye rabona da gani." Ya lalubo farar sandarsa. "Amma da sharaɗi: duk wanda ya samu, ya zo ya dubo mini matar nan. Tun ranar aurenmu take cewa ta fi kowa kyau a garin nan."

Mek Yah ta yi wuf ta dafe biron. "Rubuta ƙodar, 'yata! Haɗa da hantar! Idanun dai a binne shi da abinsa."