Santsin Banɗaki

Mama mai tausa ta sa tafukanta biyu ƙarƙashin ƙeyar yarinyar, ta tallafe kan kamar mai ɗaukar ƙwai. Aikinta ke nan shekara da shekaru: taɓawa a hankali daga tsakar ka zuwa ƙashin baya, ba murɗa wuya, ba dannawa da ƙarfi. Masu ciwon kai da masu rashin barci sukan sauka daga gadonta suna sa mata albarka. Babba da yaro, kowa Mama yake ce mata.

Doka ɗaya gare ta, kuma duk unguwa an san ta: wanda ya bugu a ka, ba ta taɓa shi sai likita ya duba. Ta sha korar 'yan ƙwallo da masu babur a kan haka.

Yarinyar nan kuwa tun kafin a buɗe shago mijinta ya kawo ta, ta ƙofar baya. Mama ba ta tambayi sunanta ba. Ta dai saki labule.

Yatsunta suka isa bayan kunnen hagu, suka tsaya. Kumburi ne, sabo, da ɗumi. A ƙasansa, a wuya, ga shatin yatsu.

"Me ya same ki?"

"Santsin banɗaki ne, Mama," in ji yarinyar, idonta a rufe.

Mama ta san santsi, ta kuma san abin da ba santsi ba. Ta ci gaba da shafawa.

"Mama, abu biyu-biyu nake gani. Kuma na yi amai a hanya."

"Gajiya ce, 'yata. Saki jikinki."

Wayarta tana kan tebur, kusa da kwalbar mai. Asibiti ba nisa. Amma a can ba sa barin shatin yatsu ya wuce ba tambaya, kuma tambayarsu ba ta tsayawa a asibiti. Ta dubi wayar, ta kau da kai.

Da ta gama, ta ɗaura wa yarinyar ɗankwali da kanta, ta ja shi ya rufe kunnen. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa.

"Ta ce wani abu?"

"Santsi ta ce. Kai ta gida ta kwanta."

Ya yi ajiyar zuciya.

Washegari da hantsi yarinyar ta faɗi a tsakar gida, maƙwabta suka kwashe ta zuwa asibiti. An ceci ranta, amma hannun dama da rabin maganarta ba su dawo ba.

Likita ya fito ransa a ɓace, ya ce da tun jiya aka kawo ta, da da ƙafarta za ta koma gida. Ya tambayi wanda ya fara ganin kumburin.

Mama, wadda ta biyo su asibitin, ta ce ita ba ta ga komai ba. Ta faɗa ne tana waiwayen mijin, wanda ya raɓe a bayanta kamar yadda ya saba tun yana ƙarami in ya yi ɓarna, ɗanta na fari.