Abarbar Bokitin Fenti

Kafin ta fita kama motar Abuja, Sa'ida ta tsuguna gaban bokitin fenti ta gwada ganyen abarbar da hannunta. Tsawon tafin hannu da ɗan ƙari. Haka yake a watan jiya, haka yake tun azumin bara.

Mahaifiyarta, Inna, ce ta dasa ta. Wankan jegon haihuwar jikarta Hamdiyya ya kawo ta daga Malumfashi, da niyyar kwana arba'in. Ana gobe za ta tafi ta murɗe kan wata abarba, ta cusa shi a bokiti, ta ce a gaban matan gidan hayar kaf, ita ba ta shuka ta bar wa wani girbi, ran da abarba ta haihu ta ci, ran za ta hau mota. Matan suka yi dariya. Sa'ida ma ta yi, don ta ɗauka abarba kamar gero ce, wata uku an gama. Daga baya ta ji cewa shekara ɗaya da rabi take yi, in ta ga dama biyu.

Yanzu Hamdiyya har ta iya cewa a'a.

Gidan ciki ne da falo. Inna da Sa'ida da yarinya a ciki, mijinta Ghali a falo kan wata katifa mai kaurin masa. Kullum da safe sai ya dafe ƙugu ya ja "waaash" mai tsawo, kamar tsohon da ya sauko daga kan jaki, ya naɗe katifar, ya tafi shagonsa na ɗinki. Bai taɓa cewa ya gaji ba, kuma shirun nan shi ya fi tsorata Sa'ida. Ta san haƙurin marar magana ba ya sallama in zai ƙare.

Shi da Inna kuwa surukuta ce ta gidan jiya. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ido a ƙasa. Ita ko sunansa ba ta kamawa. In magana ta zama dole sai a bi ta kan yarinya: Hamdiyya ce wa babanki gas ya ƙare, Hamdiyya ce wa Inna an gode da dambu. Dambun nan kuwa yakan cinye shi tas har ya suɗe kwano, shi da ya tashi ba uwa.

Sa'ida ba za ta iya buɗe baki ta ce wa uwarta ta tafi ba, balle ta koma gidan da ba kowa sai kaji tun rasuwar Malam, mahaifin Sa'ida. Abarba ce kaɗai za ta iya faɗa. Don haka ta duƙufa a kanta.

Wani mai sayar da 'ya'yan itace a Lambata ya ce ruwa ya yi mata yawa, ta rage. Tobiloba ta ofis ɗinsu ta ce rana take so, ta ja bokitin zuwa tsakar gida. Ta huda gindinsa, ta gauraya ƙasar da yashi, ta roƙo kashin kaji a maƙwabta. Tana dawowa da magariba, ƙafafu a kumbure saboda zaman mota, za ta fara duba tsakiyar ganyen ko jan nan na fure ya leƙo. Wani lokacin shukar takan yi kamar ta miƙe, sabon ganye ya fito, sai bayan kwana biyu ta ga ta koma 'yar guntuwarta.

Ran nan ta ɗan taɓa ta, ta ji tana girgiɗi kamar haƙorin yaro.

"Ke 'yar boko, ɗauke hannunki," in ji Inna daga kan tabarma. "Shuka kunya gare ta. Kina kallonta ba ta girma."

Ghali dai nasa taimakon bai wuce ya shigo da abarba a leda jefi-jefi ba, duk da shi ƙaiƙayin harshe take sa shi. Sa'ida ta fassara hakan da cewa tuni yake yi mata.

Ranar wata Talata tirela ta faɗi a daidai dutsen Zuma. Awa uku suna zaune a bas, kwandasta yana rantsuwa yanzu za a buɗe, daga ƙarshe direba ya juya. Kafin azahar tana ƙofar gida, takalmi a hannu.

Daga soro ta hango Ghali tsugune gaban bokitin, kai a sunkuye. A gefensa ga abarbar nan a ƙasa, tumɓuke, fararen saiwoyinta a waje. Ta tsaya nan cikin soron. Shi ke nan, haƙurin ya ƙare, ta ce a ranta.

Sai ta ga ya ɗaga wani sabon kan abarba sama, kamar mai nuna yadi ga mai ɗinki, ba tare da ya ɗago ido ba. Labulen ɗaki ya motsa.

"Hamdiyya," in ji muryar Inna, "ce wa babanki wannan ta fi ta wancan karon tsawo, ya sa ƙaramar, kar uwarki ta gane."