Jan Farcen da Ya Bushe

Da ƙyar murfin kwalbar ya buɗu, sai ta tarar jan farcen ya bushe ƙamas.

Ba ta shafa shi sai a kwanakin da take fashin salla, tunda yana hana ruwan alwala taɓa farce. Rabonta da shi kuwa tun farkon damina, lokacin da masana'antar ɗinka buhuna ta Kossodo ta ƙara musu awannin aiki. Su bar unguwarsu ta Zongo da asuba, su dawo ana kiran isha'i.

"Ciki ne, 'yar nan," in ji surukarta, har da guɗa.

Ita ma ta yarda. A kan keken ɗinki, ƙarar injuna takan koma mata waƙar rarrashi, buhuna su zama zanen goyo, har ta ji ɗumin jariri a bayanta.

Ungozoma ta duba ta, ta sake dubawa. "Babu ciki, ƙanwata. Gajiya ce ta tsayar miki da jinin. Yaushe rabon da barci ya ishe ki?"

Washegari ta bi hannuwan abokan aikinta da kallo. A da, ja yakan zagaya su bi da bi, kamar furanni masu buɗewa. Yanzu har ƙarshen layi babu ja ko ɗigo.

Amaryar da ke kusa da ita ta matso, ta dafa mararta da fararen farata, idanunta na sheƙi.

"Yaya," ta raɗa mata, "ina da albishir."