Butar Shayin da Aka Goge da Yashi

Kafin ka sake taɓa aikin nan naka da ya riga ya yi kyau, saurari wannan. An yi wani tela a cikin birni da ya gaji kayan shayi daga mahaifinsa: buta mai dogon wuya, kwanon sukari da faffaɗan tire, duk an yi musu ruwan azurfa. Uban ya shekara talatin yana dafa wa wani Balarabe ɗan kasuwa abinci, da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya sa aka zana sunan kukun nasa da ajami a jikin butar, ya ba shi kyautar sallama. Telan ba ya shan shayi da su. Yana ajiye da su a kabad mai gilashi a falo, in ya dawo daga shago ya tsaya ya dube su, ya yi wa tsohon addu'a. Shekaru sun sa azurfar ta yi duhu, musamman a lungunan zanen. Ran nan wani surukinsa ya zo gaisuwa, ya leƙa kabad ɗin ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, wannan ai ta fi tukunyar tuwo baƙi." Maganar ta tsaya wa telan a rai. Ya kai butar wurin wani tsohon maƙerin azurfa, shi kuwa ya juya ta a hannu ya ce, "Tsumma mai laushi ya ishe ta. Azurfar a fuska kawai take, ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba."

Tsumma bai ba telan hasken da yake so ba, sai ya haɗa toka da lemon tsami ya dirje ta. Ta yi ƙyalli har yana ganin gemunsa a jikinta. Daɗi ya kama shi, washegari ya ƙara da yashi mai laushi don ya fitar da sauran baƙin da ya maƙale a zanen. A kwana na uku wani ja-ja ya ɓullo a jikin butar. Ya ɗauka datti ne, ya ƙara ƙarfi, jan ya yi ta faɗi. Ashe jan ƙarfen da ke ƙarƙashin azurfar ne. Da ya ɗauraye ya kai ta rana, sai ya ga harufan sunan ubansa sun shafe, saura ɗigo biyu da wata 'yar lanƙwasa. Ya zauna a bakin rijiya da butar a cinyarsa har aka kira la'asar. Da Sallah ƙanwarsa ta zo daga ƙauye da jikokinta, don ta nuna musu sunan da ta sha ba su labari. Ta juya butar gaba da baya, ta shafa wurin da yatsa, ta ce, "Yaya, ina Baba?" Ya nuna mata ɗigo biyun nan da 'yar lanƙwasar.

Ka ji dalilin da magabata suka ce, garin neman gira an rasa ido.