Bambaron Ranar Roƙon Ruwa

Ranar da ƙauye ya fita roƙon ruwa, Nababa maƙeri ya ji kiɗan bambaro, ɗan ƙarfen nan da ake sawa a baki ana kaɗa harshensa da yatsa. Ana tsakiyar addu'a a filin idi, tsofaffi na share hawaye, sai ga wata murya mai kauri daga bayan gari, kamar buzuzu a cikin tulu. Ya ce a ransa, wane marar kunya ne wannan?

Da aka dawo ya gane. An fasa rumbunsa ta baya, an kwashe ɗan geron da ya rage, har da irin shuka. Ashe makaɗin ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, yana sanar da su jama'a ba su taso ba. Kafin yunwar shekarar ta saki ƙauyen, ta tafi da 'yarsa Huseina.

Nababa bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya dai rantse mai bambaron nan sai ya ɗanɗana abin da shi ya ɗanɗana.

Bambaro kuwa ba baƙonsa ba ne, shi ke ƙera wa samarin yankin Ɗambatta. Kowa ya zo saye, magana ɗaya yake gaya masa: in siririyar murya kake so ɗauki ƙarami mai gajeren harshe, in mai kauri ce sai babba. To, babba guda ɗaya tak ya taɓa ƙerawa, Ɗan'auta mai jaki ne ya saya. Jaki kuma ai ba don ado ake ajiye shi ba, sai don kwasar kaya.

Ya laɓe a bayan danga ya saurari Ɗan'auta yana kaɗawa. Muryar ta yi kusa, amma da ɗan saura. Sai ya kai damuwarsa wurin amininsa Usaini mai zuma, mutumin kirki, wanda ya riƙa kawo musu ɗan tsakin hatsi a ɓoye lokacin jinyar Huseina.

"Haba Nababa!" in ji Usaini, yana murza kakin zuma a yatsunsa. "Iskar ranar ce ta sauya maka ita. Kai da bakinka ka ce babba ne. Wa ke da babba a garin nan?"

Shi ke nan, magana ta zauna. Nababa ya haɗiye fushinsa har kaka ta zo, Ɗan'auta ya zuba 'yar dawar da zai ci da iyalinsa a rumbu. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, Nababa ya ɗebo garwashi daga maƙera ya cusa a jinkar rumbun. Ya tsaya har ƙaurin dawa ya cika masa hanci, kuma wallahi ko ɗigon tausayi bai ji ba.

Da ihu ya tashi, ya yanki daji zuwa inda Usaini ke rataye amyoyin zumarsa, don ya ɓuya. Yana dab da isa sai ƙafarsa ta tsaya cak. Muryar nan ce, ita kanta, babu saura ko kaɗan.

Ya zare wuƙa, ya sanɗa, ya leƙa bayan wata kuka.

Usaini ne zaune shi kaɗai, idonsa a lumshe, yana kaɗa ɗan ƙaramin bambaro wanda bai kai yatsa ba, da dunƙulen kakin zuma a manne a kan harshensa, nauyin kakin ya mayar da muryar ta babba.