Jimlar da Ba Kuskure a Cikinta

Malamar Turanci tana da doka ɗaya a ajinta na manya: duk kalmar da ta koyar, sai ɗalibi ya gina jimla da ita, kuma ta zama gaskiyar rayuwarsa. Makon nan go, went, gone suke sake haddacewa, kalmar tafiya wadda ba ta bin ƙa'ida.

Da aka tashi, wani ɗalibinta, direba da ke neman aurenta, ya tsaya yana murza hularsa. Bai kalli idonta ba, littafinsa kawai ya miƙa mata.

I went to your father. He said no. I will go on Monday.

Jan bironta ya bi layukan yana neman kuskure, ya rasa.

"Ka je wurin Baba, ya hana, shi ne Litinin za ka bar garin?"

"Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda kwanansa a hanya ya fi na gida ba."

"Kai kuma ka ce to?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wata shida ina fama da kai kana rubuta mini goed maimakon went," ta ce. "Sai yau ka ga damar iyawa."

Ta ba shi goma bisa goma, ta juya tana goge allo.